Makulli na Takwas

Kawuna mai yanka makulli ne, amma idan ka ji shi yana ba da labarin sana'arsa za ka rantse likitan ƙashi ne. Rumfarsa ba ta fi faɗin tabarma biyu ba, tana nan a kwanar da titin kasuwa ya haɗu da layin gidajen haya. Abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba: inji ɗaya mai kukan tsiya, magagari uku, gwangwanin madara cike da makullan da ba a yanka ba, sai wani benci mai gajeriyar ƙafa da ake tallafe da rabin bulo. Shekararsa talatin da ɗaya a wurin. A hannunsa na tashi, domin ina da shekara huɗu mahaifiyata, wato ƙanwarsa, ta rasu, shi da matarsa da nake kira Inna suka ɗauke ni. Allah bai ba su haihuwa ba. Yanzu ni tela ce, shagona yana kallon rumfarsa daga tsallaken titi, don haka duk abin da zan faɗa a kansa, na yabo da na tsiya, ganau ce ni ba jiyau ba.

Kawu ba shi da gida. Idan na faɗi haka mutane ba sa yarda. Mutumin da ya buɗe wa rabin unguwa ƙofa, shi ko ƙyaure bai mallaka ba. Ciki da falo yake haya a wani gida mai ɗaki goma sha biyu, tafiyar minti biyar daga rumfar, tun kafin a kai ni wurinsu. A cikin ɗakin nan Inna ta yi jinya, a nan ta cika, daga falon nan kuma na tafi gidan miji. Na yi masa magana har bakina ya gaji, in ce ya nemi ɗan fili ko a bayan gari ne ya aza bulo. Sai ya ce, "Ke dai 'yar nan kin cika tsoro. Wa zai tashe ni? Tsohuwar mai gidan nan, ni nake buɗe mata akwati duk ranar da ta ɓatar da makulli."

Tsohuwa ta mutu. Gida ya faɗa hannun ɗanta, wani mai yawo da jaka a hammata, wanda duk layin ke kira Mai Jaka. Tun ranar da na gan shi yana zagaya tsakar gida yana auna ɗakuna da ido, na san zaman Kawu ya fara rawa.

Abin da ya buɗe idon Mai Jaka kuwa baƙi ne. Shekara uku da suka wuce aka fara gina wata babbar masana'anta a gefen gari, da titin da zai kai ta, da rukunin gidajen ma'aikata. Sai ga mutane daga ƙetaren iyaka mota-mota, kowa da jakar leda da bargo a kafaɗa. Akwai masu ɗaukar siminti, akwai masu ɗaurin rodi, ga masu walda da masu shimfiɗa tayil. Da farko ba sa jin yarenmu sai "nawa" da "rage" da "gobe". Duk abin da ɗan kwangila ya miƙa musu karɓa suke yi ba musu. Ɗakin da ɗan gari zai zauna shi da matarsa, su takwas suke kama shi su yi karo-karo. To, mutum takwas ko faƙirai ne sun fi mutum ɗaya aljihu. Kafin ka ce kwabo kuɗin haya ya ninka a duk layin.

Shi kuwa Kawu kakarsa ce ta yanke saƙa. Ɗaki ɗaya, kwaɗo ɗaya, makulli takwas. Injin da a da yake wuni yana hamma ya koma kuka tun safe. Ya sake rufin rumfa, ya sayi tabarau mai igiya, ya fara shan shayi da madara sau biyu a rana. Yakan ce gwamnati ta daina wahalar da kanta da ƙidayar baƙi, ta zo kawai ta leƙa gwangwaninsa.

Sannan ga batun allo. Makulli ba ya kwana biyu a aljihun lebura: ko ya faɗa cikin kwaɓin siminti, ko ya bi ramin ginshiƙi a zuba kankare a kansa. Wani zanƙalelen mai ɗaurin rodi, wanda Kawu ya laƙaba wa Dogo, sau uku ya zo a wata guda yana neman sabo. A karo na huɗu Kawu ya ji kunyar karɓar kuɗinsa. Ya ɗauko wani katako ya jingina a bango, ya buga ƙusa, ya nuna masa da hannu. "Bar shi nan. Da yamma ka karɓa." Washegari mutum biyar ne suka zo. Kafin shekara ta zagayo ƙusoshi sun haura ɗari, duk mai wucewa aiki da sassafe sai ya tsaya ya miƙa, da yamma ya tsaya ya karɓa. Kawu ba ya rubutu, kuma sunayensu sun fi ƙarfin harshensa, don haka zare yake ɗaura wa kowane makulli: ja da baƙi na Dogo, kore biyu na Mai Tari, ruwan ɗorawa na Ba-Dariya. Zaren ma daga shagona yake kwasa, ko sannu. Ba ya karɓar ko sisi a kan ajiyar. Dokarsa biyu ce. Hannun da ya ba shi makulli shi yake mayar wa, ko uban mutum ne ya zo ba zai samu ba. Ta biyu kuma ta girmi allon: makullin da ya fita daga hannunsa dole ya buɗe. Yana cika baki cewa a shekara talatin da ɗaya ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba. Ni na san guda biyu, amma ba na faɗa.

A kan bencin nan mai gajeriyar ƙafa ake yanke wa baƙi hukunci kullum, a kuma ɗaukaka ƙara washegari. Alƙalan biyu ne. Akwai Birkila, abokin Kawu tun suna samari, wanda zuwan baƙi ya ƙwace masa aiki daga hannu. Akwai kuma Hedimasta, tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya, wanda ba ya rabuwa da jarida ko ta makon jiya ce.

"Ni fa ban ce a taɓa kowa ba," in ji Birkila. "Amma ku faɗa mini tsakani da Allah. Aikin da zan yi kwana uku in ciyar da gida mako guda, yaro ya zo ya yi shi kwana biyu a rabin kuɗi, ya je ya kwanta a kan kwali. Ni in kwanta a kan kwali? Da 'ya'ya bakwai?"

Hedimasta ya gyara tabarau. "Malam, masana sun yi nazarin irin wannan. Idan aka dubi abin gaba ɗaya, gari ƙaruwa yake yi. Suna saye, suna hawa mota, suna yin aikin da yaranmu ke gudu."

"Gaba ɗaya! To, ni ina nake a cikin gaba ɗayan nan? Ranka ya daɗe, da baƙo yana iya karɓar fansho a rabin kuɗi, da tuni ka canza jarida. Inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa."

Mai abincin da ke gefe ba ta bari a gama ba ta sa baki ba. "Ni dai da tukunya ɗaya nake ɗorawa, yanzu huɗu. Duk wanda zai kore su, ya fara zuwa ya cinye mini shinkafar tukunna."

"Shi ya sa kika ƙara wa kwano kuɗi," in ji Birkila.

"Kai ma da ka samu da ka ƙara, Baban yara."

Kawu ba ya ɗaga kai daga magagari. Idan aka matsa masa sai ya ce kowa da gaskiyarsa, ya hure garin ƙarfen da ke kan makulli. Wannan amsa tana ƙona ran Birkila fiye da jaridar Hedimasta. "Kai ai dole ka faɗi haka," in ji shi. "Gemuna ya kama da wuta, kai kana zaune kana jin ɗumi. Ka dai nemi ruwa ka shafa wa naka."

Ni kaina ban san ɓangarena ba a lokacin. Mijina direban bas ne, baƙi ne ke cika masa mota safe da yamma. Ƙanensa kuma sau biyu ana ɗaga aurensa don ya rasa ɗakin da zai iya biya. A gidanmu ma idan aka ɗauko zancen, sai abinci ya huce ba a gama ba.

Ana nan, Mai Jaka ya kawo wa Kawu takarda: daga ƙarshen wata haya ta ninka uku, wanda bai iya ba ya ba da wuri. Cinikin makulli ya yi kyau, amma bai yi kyawun ninki uku ba. Kawu ya sa rigarsa ta fita kunya ya je ya same shi, ya tuna masa akwatin tsohuwa, ya tuna masa ranar da shi Mai Jaka yana yaro ya kulle kansa a banɗaki. Mai Jaka ya yi dariya ya ce, "Baba, wallahi ba ni ba ne, kasuwa ce. Amma za mu duba." Kawu ya ɗauki "za mu duba" ya ninke ya sa a aljihu, ya dawo yana ce mini an gama magana.

Na ce masa ba a gama komai ba, ya tattara ya dawo gidana, muna da ɗaki. Ya dube ni kamar na zage shi. "In kwana a gidan suruki? In riƙa tari da safe ana sunkuyar da kai? Allah ya kiyaye." Na ce to a nemi ɗaki a bayan gari inda haya ke da sauƙi. Ya ce mota biyu ce daga can, mutanensa kuma tun gari bai gama wayewa ba suke miƙa makulli, wa zai karɓa? Haka muka rabu, kowa yana jin haushin kowa, kuma ya hana ni faɗa wa 'yan benci.

Wata Talata da safe, saura mako uku wata ya ƙare, na tsallako kawo masa zare sai ga Dogo yana washe baki. Yanzu yana jin yarenmu, sai dai gutsure-gutsure yake yin sa. Ya miƙa wa Kawu wani tsohon makulli.

"Baba, bakwai. Mun samu ɗaki babba. Ciki da falo, akwai taga. Kusa, kusa. Ƙarshen wata."

Kawu ya ce masha Allah, ya karɓa, ya ɗaga shi sama wajen haske yadda ya saba. Sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya juya makullin, ya shafa haƙoransa da babban yatsa, ya sake juya shi. Can ya ce, "Ka dawo da yamma."

Da Dogo ya tafi, Kawu ya sa hannu a aljihu ya ciro nasa makullin ya ɗora a kan wancan. Suka kwanta a kan juna haƙori da haƙori. Wannan shi ne safayan da ke wurin tsohuwa, Kawu da kansa ya yanka mata shi, har haƙori na uku da ya rage wa tsawo lokacin da kwaɗon ƙofar ya fara tsufa. Ashe Mai Jaka ya riga ya ba da ɗakin, ya leƙa da su ta taga Kawu yana rumfa, ya ce musu mai ɗakin zai koma gidan da ya gina. Don su yarda magana ta tabbata ya damƙa musu makulli. Bai tsaya ya tuna cewa mai yanka makulli ɗaya ne a duk unguwar ba.

'Yan benci suna nan, sun ga komai. Hedimasta ya ninke jarida, ya tuna akwai wani saƙo da zai kai. Birkila ya miƙe tsaye. Na yi zaton zai ce na faɗa maka, amma bai ce ba, kuma har gobe ina ganin girmansa a kan haka. Abin da ya ce shi ne, "Yanka musu wanda ba zai buɗe ba. Ko wuni ɗaya ne su tsaya a waje da kayansu su ɗanɗana."

Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na ce a yi haka. Har na ƙara da cewa a yi guda takwas, har da na Mai Jaka.

Kawu ya ɗebo makullai daga gwangwani. Ya kunna inji ya yanka guda bakwai, kowanne ya zurfafa haƙori na uku da kaurin gashi. Ido ba zai gani ba, amma kwaɗo zai gani. Da yamma Dogo ya zo, ya biya, ya jujjuya su yana murna. Sai kuma ya tattara su duka, har da na asalin, ya mayar wa Kawu a tafin hannu.

"Ɗaki ba yanzu ba. Ajiye, Baba. Wurinka babu ɓata."

Wannan ne babu wanda ya hango a cikinmu. Dole Kawu ya buga sabuwar ƙusa ya rataye su, daidai saitin idonsa. Kwana tara makullan nan suna kallonsa yana kallonsu. Ya daina shan shayi. Ya yi faɗa da wata mata a kan canji, abin da bai taɓa yi ba. Ya juya kujerarsa ya ba allon baya, sai wuya ya riƙe masa saboda waiwaye. Duk safiya Dogo zai miƙa makullinsa mai zare ja da baƙi, ya nuna sababbin da haɓa ya ce, "Suna nan, Baba?" Kawu ya ce suna nan. A rana ta tara na ji ƙarar ƙarfe a cikin kwandon shara, na ɗago kai daga keken ɗinki na ga ya watsa su. Ya ɗebo sababbi daga gwangwani ya sake yanka bakwai, a hankali, harshe a waje.

Na tsallako na tsaya a kansa. Bai bari na yi magana ba. "Ba don su na yi ba," in ji shi. "Don kar a ce."

Ranar da ba a aiki a wurin gini, na je gidan don mu fara ɗaure kaya, duk da ba mu san inda za a kai su ba. Ina cikin ɗaki ina fito da zannuwan Inna daga babbar kwabarta, shi kuma yana waje ya ja ƙofa yana gwada makullan nan ɗaya bayan ɗaya: ya kulle ni, ya buɗe ni, ya sake kulle ni. Yana kan na biyar sai na ji murya a tsakar gida.

"Baba! Kai ne?"

Dogo ne da Mai Tari, wani dattijo mai walda, sun zo su sake leƙa ɗakinsu ta taga su ji daɗi. Dogo ya ga Kawu da makullai a hannu, sai farin ciki ya kama shi. Ya juya ya yi wa Mai Tari bayani da yarensu, su biyun suka kama hannun Kawu suna girgizawa.

"Ka zo har nan? Ranar hutu? Don gwada mana? Baba, ko a ƙasarmu babu irinka!"

Ina jin Kawu ya ce, "Ai aikina ne." Maimakon ya tsaya nan, har da ƙarin karatu. "Ka ga, idan za ka kulle, ka ɗan ɗaga ƙyauren da gwiwa. Da damina yana kumbura. Kada ka murɗa da ƙarfi, lallashi yake so."

"Kai, Baba! Ka san ƙofar nan sosai."

Ni dai Allah bai yi wa bakina sakata ba. Na turo ƙofa na fito da zannuwan Inna a rungume. "Ya san ta mana! Shekara talatin yana kwana a bayanta!"

Har matar da ke wanki a bakin famfo ta tsaya. Dogo ya dube ni, ya dubi Kawu, sannan ya leƙa ta saman kaina. Ya ga kujeru uku, ya ga hular Kawu a jikin ƙusa, ya ga hoton Inna a bango. Na ga murmushin yana sauka daga fuskarsa. Ni kuwa tunda na fara ban tsaya ba. Na faɗa musu duk abin da Birkila ke faɗa a benci, na ƙara nawa: sun zo sun tsadar da ɗaki, sun karya kuɗin aiki, yanzu kuma sun biyo tsohon da ke tsare musu makulli kyauta har kan gadonsa. Dogo ya bar ni na gama. Ban san nawa ya fahimta ba, amma ya fahimci isasshe.

"Yaya, ba mu sani ba," in ji shi. "Mai gida ya ce mai ɗaki ya gina gida. Yanzu mu tara a ɗaki ɗaya, babu taga. Shi ya sa wannan yake tari." Ya juya wurin Kawu. "Zan mayar masa da makulli. Yau."

"Ka mayar," in ji Kawu, "gobe ya ba wasu takwas da ban san fuskarsu ba. Ɗakin ya riga ya tafi, yaro. Ke kuma 'yar nan ki yi shiru haka. Kin bar jaki kina dukan taiki."

Dogo da Mai Tari suka ja gefe suna magana ƙasa-ƙasa, suna nuna ɗaki, suna lanƙwasa yatsu. Sun ɗan jima. Da suka dawo, Dogo ya tsaya a gaban Kawu hannu a baya kamar ɗan makaranta.

"Baba, mu bakwai ne. Takwas ya fi sauƙi." Ya nuna cikin ɗaki. "Kai da wannan tsoho, ciki. Mu shida, falo. Kowa kasonsa."

Na ce sai dai bayan raina. Kawuna, dattijo mai mutunci, ya zama cikon takwas a ɗakinsa? Shi kuwa sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har ya dafa bango, har ya cire tabarau ya goge ido, kuma ban tabbata duka hawayen na dariya ba ne. Da ya natsu ya dubi Mai Tari sama da ƙasa.

"Tambaye shi, tarin nan na dare ne ko na rana?"

Dogo ya tambaya. "Ya ce duka biyu."

"To, ni ma ina minshari. An yi kunnen doki."

Mai Jaka bai damu ba da ya ji. Shi dai tunda kuɗinsa ya cika, ko raƙumi aka sa a ɗakin ba ruwansa.

Ranar ƙarshen wata aka fitar da kayan falo, don tabarma shida ba za ta shimfiɗu a kan kujeru ba. Kwabar Inna ma dole ta fita daga ciki a sa gadon Mai Tari, gidana aka kai ta. Birkila ne ya kama gefe ɗaya, Dogo ya kama ɗaya. Birkila ya faɗa da ƙarfi, don kowa ya ji, cewa ya samu zuwa ne saboda ba shi da aiki ranar, kuma kowa ya san dalili. Kwabar ta maƙale a bakin ƙofa, suka yi ta gardama da yare biyu kan wa zai karkata, sai da Kawu ya nuna musu yadda ta shiga tun farko. Da ta fita, inda take a jingine ya bar fentin bango sabo fil, irin launin da ɗakin yake da shi lokacin ina yarinya. Na zauna a bakin gado na yi kuka sosai. Abin ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi mini.

Da labari ya iso benci, kowane alƙali ya ce shi ya ci shari'a. Hedimasta ya buga jarida a gwiwa. "Kun gani ko? An ninka haya uku, an raba takwas. Abin da yake biya yanzu bai kai rabin na da ba. Wannan shi ne abin da nake ta faɗa muku."

"Hayarsa ta ragu, ɗakinsa ma ya ragu," in ji Birkila. "Ɗan gari ya koma ɗan haya a hannun baƙi, kai kana kiransa riba. Wannan shi ne abin da ni nake faɗa."

Suka juyo gaba ɗaya suna jiran Kawu ya raba gardama, mai abinci ma ta tsaya da ludayi a hannu. A karon farko bai ce kowa da gaskiyarsa ba. Ya ajiye magagari.

"Barci dai ina yi," in ji shi. "Yaran suna ɗebo mini ruwa, ba sa bari in taɓa tsintsiya. Tsohon nan ma mun saba, idan bai yi tari ba sai in farka. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da safe, idan zan fito falo, sai na yi sallama."

Hedimasta ya buɗe jarida, Birkila ya sunkuya yana gyara rabin bulon da ke ƙarƙashin benci.

Shekara talatin da ɗaya makullin Kawu a aljihunsa yake kwana. Yanzu kuwa su takwas suke fitowa tare da sassafe, shi a gaba da tabarau, su a baya da kwanon abinci. Idan suka iso rumfa kowa ya miƙa nasa, Kawu ya rataye guda bakwai a jere, sannan ya ciro nasa ya rataye a ƙusa ta takwas. Da na lura ba shi da alama, na tsallako masa da zare mai kyau, shuɗi, na ce ya ɗaura kada ya ɓace a cikin na mutane.

Ya dubi zaren, ya dubi makullin, ya mayar mini.

"Bar shi haka," in ji shi. "Wannan na san mai shi."